Aminu Kano

Malam Aminu Kano (9 ga Agusta, 1920 – 17 ga Afrilu, 1983) malamin makaranta ne, marubuci kuma ɗan siyasar Najeriya, haifaffen birnin Kano. Ya shugabanci jam'iyyar NEPU, wadda ake kira Jam'iyyar Neman Sawaba, daga 1953 har sojoji suka soke jam'iyyu a 1966, sannan ya shugabanci PRP daga 1978 har ƙarshen rayuwarsa. An fi saninsa da fafutukar rage ikon da hukumar En'e take da shi a kan talaka, wato ikon kama shi, da yi masa shari'a, da ɗaure shi, da karɓar harajinsa, da hana shi taro. Bai taɓa zama firimiya ko gwamna ko shugaban ƙasa ba. Duk da haka da yawa daga cikin abubuwan da ya nema sun tabbata yana raye, wasu ta hannun abokan hamayyarsa, wasu kuma ta hannun sojoji.

Asali da karatu

An haife shi a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Yusufu, Bafulatani ne daga zuriyar Genawa, gidan da ya yi suna wajen ilimin fikihu da alƙalanci, kuma ya yi aikin mufti a kotun alƙali ta Kano. Mahaifiyarsa, Rakiya, ita ma 'yar gidan malamai ce, ta rasu yana ƙaramin yaro. Ya fara karatun allo a gida kafin a sa shi makarantar Shahuci a 1930, daga nan ya wuce Midil ta Kano a 1933. A 1937 ya samu shiga kwalejin da aka kafa a Katsina aka mayar Kaduna, wadda daga baya ta zama Kwalejin Barewa ta Zariya, ya fito da shaidar malanta a 1942.

Tashinsa a gidan alƙalai ya yi tasiri a kan duk abin da ya biyo baya. Ya san yadda ake shari'a daga ciki, ya san littattafan da alƙali yake dogara da su, ya kuma san inda hukuncin littafi yake tsayawa umarnin fada ya karɓa. Ba daga ƙasa ya fito ba. Mutum ne da tsarin zai iya ba wa muƙami babba da ya yi shiru.

Koyarwa a Bauchi da Maru

Aikinsa na farko koyarwa ne a Midil ta Bauchi. A can ya haɗu da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda suka koyar tare, da kuma Malam Sa'adu Zungur, wanda ya zama babban abokin tunaninsa har rasuwar Zungur a 1958. Tun a waɗannan shekarun ya rubuta wata ƙasida da Turanci yana sukar yadda En'e ta Kano take danne jama'a. Shi da Zungur suna cikin masu faɗa a ji a zauren muhawarar da ma'aikata da malamai suke yi a Bauchi da amincewar Turawan mulki. Zauren bai daɗe ba, domin tambayoyin da ake yi a cikinsa sun kai ga albashin sarakuna da dalilin mulkin En'e kansa, sai hukuma ta rufe shi.

A 1946 ya samu tallafin karatu zuwa Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan, inda ya yi shekara guda. Lokacin jam'iyyar Leba ce take mulkin Ingila, Indiya kuma tana gab da samun 'yanci, sai ya yi cuɗanya da 'yan gurguzu na Ingila da ɗaliban Afirka masu neman mulkin kai, ya kuma karanci hanyar Gandhi ta bijirewa hukuma ba tare da ɗaukar makami ba. Da ya dawo ya kafa Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Arewa a 1948. Ba da jimawa ba aka tura shi kwalejin horar da malamai ta Maru a lardin Sakkwato, wurin da yake nesa da jaridu da taruka. Ya ajiye aikin gwamnati a ƙarshen 1950 ya koma siyasa gaba ɗaya.

Ikon En'e a kan talaka

Ba a gane siyasar Aminu Kano sai an san tsarin da ya tarar. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, Lugga bai rushe sarauta ba. Ya mayar da ita hannun da gwamnati take mulki da shi. Sarki da majalisarsa da ma'aikatansa suka zama En'e. En'e tana da baitulmalinta, da 'yan dokarta, da gidan yarinta, da kotunan alƙalai, da kotun sarki wadda a manyan masarautu irin Kano take da ikon yanke hukuncin kisa. Hakimi yana ƙarƙashin sarki, dagaci ƙarƙashin hakimi, mai unguwa ƙarƙashin dagaci. Razdan da Di'o suna sa ido daga sama, amma manufarsu ita ce kada a zubar da mutuncin sarki a gaban talakawansa.

Ga manomi a ƙasar Kura ko Madobi ko Bunkure, ma'anar wannan ita ce hannu ɗaya ne yake yanka masa haraji, ya karɓa, ya kama shi in ya gaza biya, ya gurfanar da shi, ya kuma tsare shi. Makiyayi yana biyan jangali a kan kowace saniya. Bayan abin da yake rubuce akwai wanda ba a rubutawa: gaisuwa, da noman gandun masu sarauta, da aikin hanya na tilas. A shekarun yaƙin duniya na biyu har kwasar mutane aka yi ta hannun hakimai zuwa haƙar kuza a Jos. Lauya ba ya shiga kotun alƙali. Laifuffukan da ake hukunta mutum a kansu ba duka ne suke rubuce a wata doka da zai iya karantawa ba, domin a fikihun Malikiyya akwai babin da ya bar wa shugaba damar ladabtarwa gwargwadon maslaha, kuma wannan dama tana da faɗi ƙwarai a hannun wanda ake ƙara a kansa.

Kafin zuwan Turawa sarki yana da abin tsoro: manyan bayin fada, da hakimai masu dakaru, da Sarkin Musulmi, da malamai, da talakawan da za su iya yin ƙaura su bar masa ƙasa. Mulkin mallaka ya raunana yawancin waɗannan, ya bar sarki yana tsoron Gwamna kaɗai. Wannan ita ce hujjar da Aminu Kano ya fi nanatawa: abin da ake kira gargajiya, a ganinsa, sabon abu ne da bindigar Bature ta ƙarfafa.

NEPU

An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Mutum takwas ne suka kafa ta, cikinsu akwai Abba Maikwaru, da Bello Ijumu, da Magaji Ɗambatta, da Mudi Sipikin, da Baballiya Manaja, da Musa Kaula, da Abdulƙadir Ɗanjaji. Aminu Kano ba ya cikin takwas ɗin domin yana aikin gwamnati a Maru, amma yana tare da su, kuma a 1953 aka zaɓe shi shugaba. A watan da aka kafa jam'iyyar ne Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudurin gyara En'e a majalisar Arewa, abin da yake nuna cewa ba 'yan NEPU kaɗai suka ga matsalar ba. Inda aka rabu shi ne a kan magani. Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta zama NPC a 1951 ta kuma koma hannun Sardauna Ahmadu Bello, ta zaɓi gyara a hankali tare da sarakuna. NEPU kuwa, a sanarwar Sawaba da ta fitar a 1950, ta bayyana cewa muradin talakawa da na masu riƙe da En'e sun saɓa, kuma talakawa da kansu ne za su ƙwaci 'yancinsu ta hanyar ƙuri'a.

Magoya bayanta na farko 'yan kasuwa ne ƙanana, da teloli, da mahauta, da maƙera, da 'yan koli, da malaman zaure da gardawa, sai kuma wasu 'ya'yan sarauta da aka tauye. Alamarta tauraro, ta NPC fartanya.

Zaɓen 1951 ya koya mata darasi. Ba kai tsaye ake zaɓe ba. Mataki-mataki ne, daga unguwa zuwa gunduma zuwa lardi, kuma a matakin ƙarshe doka ta ba En'e damar cusa mutanenta har kashi 10 cikin 100 na masu zaɓe. NEPU ta yi rinjaye a matakin farko a birnin Kano, amma da aka kai ƙarshe ba ta samu kujera ko ɗaya daga lardin ba. Aminu Kano da kansa ya faɗi zaɓen tarayya na 1954 a hannun Maitama Sule, ya sake faɗuwa a zaɓen majalisar Arewa na 1956 a hannun Ahmadu Ɗantata.

Abin da 'yan jam'iyyar suka sha a waɗannan shekaru shi ne ainihin tarihin NEPU. Taron siyasa sai da izinin En'e, En'e kuwa ita ake zuwa a soka. In aka yi taron babu izini laifi ne, in aka ambaci sarki ko hakimi da abin da bai gamshe shi ba ya zama zagi ko rashin ladabi. An yi wa mutane bulala a bainar jama'a, an ɗaure su wata uku, wata shida, shekara, an ninka wa wasu haraji, an hana wasu rumfar kasuwa ko gona, wasu sun bar garuruwansu. A 1953 wata ƙungiya da aka yi wa laƙabi da 'Yan Mahaukata ta bayyana a Kano tana dukan 'yan NEPU a kan titi. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, shugabar matan jam'iyyar, ta shiga gidan yari sau da dama, farkonsu a Kano saboda ta tara mata ta yi musu jawabi. A ɓangaren NEPU ma ba waliyyai ne zalla ba: akwai waƙoƙin zambo masu zafi, akwai matasan da suke rama duka da duka, ko da yake shugaban nasu ya tsaya a kan a bi kotu da ƙuri'a.

Dabarar da ya fi amfani da ita ita ce rubuta komai. Jam'iyyar tana tattara sunan wanda aka kama, da kotun, da hukuncin, ta aika wa Razdan da Gwamna da jaridun Legas da 'yan majalisar Ingila masu tausaya mata. Tana ɗaukaka ƙara inda doka ta bari. Tana kuma koya wa manomi ya nemi rasit in ya biya haraji, ya ƙi aikin da ba a biyansa, ya daina zubewa ƙasa don wucewar hakimi. Ƙananan abubuwa ne a ido, amma kowanne yana cire wani abu daga kwarjinin da mulkin yake tsaye a kansa.

Hujjarsa ta addini

Abokan hamayya sun zargi NEPU da raba kan Musulmi da haɗa kai da 'yan Kudu, musamman bayan ƙawancenta da NCNC ta Nnamdi Azikiwe a 1954. Amsar Aminu Kano daga cikin littattafan jihadi ta fito. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali da gaisuwa da ƙwace dukiyar talakawa cikin halayen mulkin da ya yi yaƙi da shi. Ƙaninsa Abdullahi ya rubuta Diya'ul Hukkami a Kano ne, don koya wa mutanenta iyakokin shugaba da sharuɗɗan alƙali. Aminu Kano ya riƙa tambayar yadda jikokin masu jihadi suka koma karɓar abin da kakanninsu suka haramta. Yana yin tafsiri, yana jan hankali ga ayoyin adalci da shawara, kuma yana cikin waɗanda suka fara kafa makarantun Islamiyya na zamani a Kano a farkon shekarun 1950, inda yara maza da mata suke karatu a aji.

A kan mata ma ta wannan ƙofa ya shiga. Ya kafa hujja da Nana Asma'u da karantarwar Shehu a kan wajabcin ilmantar da mata, ya nemi a ba su ƙuri'a tun lokacin da NPC take cewa al'adar Arewa ba ta yarda ba. Matan Kudu sun yi zaɓen tarayya a 1959. Na Arewa sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, sannan babban zaɓen 1979.

Haƙƙoƙi a rubuce

Ya wakilci NEPU a tarukan tsarin mulki da aka yi a Landan a shekarun 1950, inda ya nemi zaɓe kai tsaye, da ƙuri'ar sirri, da raba kotuna da 'yan sanda daga hannun sarakuna. Abubuwa biyu da suka faru gab da samun 'yancin kai sun ba shi rabin abin da yake so.

Na farko, hukumar Willink, wadda aka kafa a 1957 don duba fargabar ƙananan ƙabilu, ta ƙi ba da shawarar ƙirƙiro sababbin jihohi, ta ce a maimakon haka a rubuta haƙƙoƙin ɗan ƙasa a tsarin mulki. Aka ɗauko su kusan kai tsaye daga yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, suka shiga tsarin mulkin 1960: 'yancin rai, da na faɗin ra'ayi, da na taro, da na addini, da sharaɗin cewa ba a hukunta mutum sai a kan laifin da yake rubuce a doka. Na biyu, gwamnatin Arewa ta gayyato kwamitin masana shari'a a 1958 ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat, kuma shawararsu ta haifar da kundin Final Kod wanda ya fara aiki a 1960. Daga nan hukuncin laifi ya koma rubutacce, iri ɗaya a duk Arewa.

Sai dai kowane haƙƙi ya zo da togaciya: gwamnati tana iya taƙaita shi da dokar da za a iya karewa a ƙasar dimokuraɗiyya, don tsaro ko tarbiyya ko zaman lafiya. An gwada wannan a Kano tun a 1960, a shari'ar da aka sani da sunan Cheranci, inda aka ƙalubalanci dokar Arewa ta 1958 da ta hana yara 'yan ƙasa da shekara 16 shiga harkar siyasa. Babbar kotu ta ce dokar ba ta saɓa wa tsarin mulki ba. Alƙalai kuma sun ci gaba da zama ma'aikatan En'e, 'yan doka suna nan, lauya har lokacin ba ya shiga. An sauya littafin, ba a sauya mai riƙe da shi ba.

Majalisa a Legas

A zaɓen 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas. NEPU ta samu kujeru 8 cikin 312, NPC ta samu 134. Da NCNC ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da NPC, sai Aminu Kano ya tsinci kansa a matsayin mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati a Legas, alhali a gida ana ci gaba da ɗaure mabiyansa a ƙarƙashin jam'iyyar da yake zaune tare da ita. Wannan ya jawo masa suka daga cikin NEPU, kuma ƙarfin jam'iyyar ya ragu ƙwarai a zaɓen Arewa na 1961. A wannan lokaci ya kasance cikin tawagogin Najeriya zuwa Majalisar Ɗinkin Duniya.

A 1963 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi, wanda a zamaninsa NEPU ta fi shan wuya, ya sauka daga sarauta bayan binciken da Muffett ya yi a kan kuɗin En'e ta Kano, ya koma Azare. Ba ƙuri'ar talakawa ce ta sauke shi ba, gwamnatin Kaduna ce; iko yana tashi daga fada yana komawa sakatariya. A zaɓen 1964 NEPU ta haɗa kai da UMBC ta Joseph Tarka cikin babban ƙawancen UPGA, Aminu Kano ya rasa kujerarsa.

Zamanin soja

Juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966 ya ci rayukan Sardauna da Tafawa Ɓalewa, ya kuma kawo ƙarshen jam'iyyu. Bayan Yakubu Gowon ya raba ƙasa jihohi 12 a watan Mayun 1967, ya naɗa Aminu Kano kwamishinan sadarwa na tarayya, daga 1971 kuma na lafiya har 1974. A tsakanin 1967 da 1970 aka soke kotunan sarakuna, kotunan alƙalai suka koma ƙarƙashin ɓangaren shari'a na jihohi, 'yan doka suka narke cikin 'yan sandan Najeriya, gidajen yari suka koma hannun tarayya. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran, ya mayar da sarakuna masu ba da shawara. Abin da NEPU ta yi shekara 15 tana nema da ƙuri'a, dokar soja ta zartar da shi cikin 'yan shekaru.

Wannan babi na rayuwarsa shi ne wanda masu nazari suka fi saɓani a kansa. Gwamnatin da ya yi wa aiki shekara bakwai tana tsare mutane ba tare da shari'a ba. Wole Soyinka ya yi kusan shekara biyu a tsare lokacin yaƙin basasa. A 1970, da Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Lakanmi cewa gwamnati ba ta da ikon ƙwace dukiyar mutum da doka ba tare da hukuncin kotu ba, sai gwamnatin ta fitar da doka ta 28 ta wannan shekara ta soke hukuncin, ta kuma hana kotuna taɓa dokokinta. Masu kare shi suna cewa ƙasa tana cikin yaƙi, kuma zamansa a ciki ya taimaka wajen karya En'e. Masu suka suna cewa ikon da ya fi na sarki girma ya taso a gabansa bai yi masa irin faɗan da ya yi wa na farko ba.

Sabon ikon ya fi bayyana a kan gona. Gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar ruwa ta Tiga, aka gama a 1974, aka jawo ruwanta ta manyan hanyoyi zuwa Kadawa da ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam don noman rani na alkama da shinkafa da tumatir. Aikin ya kawo arziki, amma ya tashi ƙauyuka a inda tafkin ya kwanta, kuma a filayen ban-ruwa ma'aikatan gwamnati ne suka sake auna gonaki suka raba, su ne kuma masu sakin ruwa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa duk filin jiha a hannun gwamna, diyya kuma a kan amfanin gona da gini take, ba a kan ƙasar kanta ba. A watan Afrilun 1980, a Bakolori kusa da Talatar Mafara, 'yan sanda sun buɗe wuta a kan manoman da suke neman diyyar gonakinsu, aka kashe mutane da yawa. Ba hakimi ne ya ba da umarnin ba.

PRP da zaɓen 1979

Aminu Kano yana cikin kwamitin da Murtala Muhammad ya kafa a 1975 don rubuta sabon tsarin mulki, ya kuma zauna a majalisar da ta tattauna daftarin a 1977 zuwa 1978. Da aka ɗage takunkumin siyasa ya fara zama da ƙungiyar da ta zama NPN, amma ya fice ya kafa PRP a watan Oktoban 1978 tare da tsofaffin 'yan NEPU, da 'yan ƙwadago, da malaman jami'a masu ra'ayin gurguzu. Alamarta makulli.

Hukumar zaɓe ta FEDECO ta ƙi tantance shi a kan batun takardun biyan haraji, sai da kotu ta wanke shi 'yan kwanaki kafin zaɓe. A zaɓen 11 ga Agusta, 1979 ya zo na huɗu da ƙuri'a 1,732,113, kimanin kashi 10 cikin 100, amma a Jihar Kano, wadda lokacin ta haɗa da Jigawa ta yau, ya samu sama da kashi 76. Wannan rinjaye ne ya haifar da shari'ar da ta fi kowace shahara a tarihin zaɓen Najeriya. Shehu Shagari ya samu rubu'in ƙuri'a a jihohi 12, a Kano kuwa ya tsaya a kashi 19.94, doka kuma tana neman kashi biyu cikin uku na jihohi 19. Obafemi Awolowo ya ce 13 ke nan. Kotun Ƙoli ta amince da lissafin 12 da biyu bisa uku, ta tabbatar wa Shagari.

PRP ta ci gwamnan Kano da Muhammadu Abubakar Rimi, da na Kaduna da Abdulƙadir Balarabe Musa. Suna hawa a watan Oktoban 1979 suka soke haraji da jangali, sauran jihohin Arewa suka biyo baya. Ga mutanen karkara wannan shi ne babban abin da ake tuna tafiyar da shi, domin da shi dagaci ya rasa dalilin shiga gidan mutum da igiya.

Santsi da taɓo

Nasarar ba ta daɗe ba jam'iyyar ta rabu. Gwamnonin biyu sun shiga tarukan gwamnoni tara na adawa tare da na UPN da GNPP, uwar jam'iyya ta hana, suka ƙi bari, aka kore su a 1980. Ɓangarensu, wanda tsohon ɗan ƙwadago Michael Imoudu ya shugabanta, aka kira shi santsi. Waɗanda suka tsaya tare da Malam aka kira su taɓo. 'Yan santsi sun zarge shi da sassautawa NPN, suna kuma ganin abin mamaki ne jam'iyyar da ta sha ɗauri a kan 'yancin taro ta kori mutum don ya halarci taro. 'Yan taɓo sun ce gwamnonin sun hau kan jam'iyya ne suka raina wanda ya ɗora su. FEDECO ta amince da ɓangaren Aminu Kano.

Majalisar Kaduna, wadda NPN take da rinjaye a ciki, ta tsige Balarabe Musa a watan Yunin 1981. Ranar 10 ga Yuli na wannan shekara tarzoma ta tashi a Kano bayan gwamnatin Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero takardar tuhuma. Aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe mai ba gwamna shawara kan siyasa, Dakta Bala Muhammad. Rimi ya koma NPP kafin zaɓen 1983.

Rubuce-rubuce

Tun yana ɗalibi yake rubuta wasannin kwaikwayo na Hausa masu sukar zalunci da cuta a kasuwa da fada. Cikin littattafansa akwai Motsi Ya Fi Zama, da Hikayoyin Kaifafa Zukata, da tarihin rayuwar Sa'adu Zungur. Alan Feinstein, Ba'amurke, ya wallafa tarihin rayuwarsa da Turanci a 1973.

Rasuwa

PRP ta sake tsayar da shi takarar shugaban ƙasa don zaɓen 1983, ya kuma zaɓi mace, Bola Ogunbo, a matsayin mataimakiyarsa. Bai kai ga zaɓen ba. Ya rasu a gidansa na Gwammaja ranar 17 ga Afrilu, 1983, yana da shekara 62, aka binne shi a cikin gidan. Hassan Yusuf ne ya maye gurbinsa a takarar, Sabo Bakin Zuwo kuma ya ci gwamnan Kano a ƙarƙashin PRP, wata uku kafin sojoji su sake karɓe mulki ranar 31 ga Disamba.

Gidan nasa, wanda ake kira Gidan Mambayya, yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero, kuma an adana ɗakinsa da littattafansa a ciki. An sa sunansa ga filin jirgin sama na Kano, da asibitin koyarwa na Kano, da kwalejin nazarin shari'a da addinin Musulunci ta jihar.